Cigiyar Habu a Bakin Ruwan New York

Tun da na dawo daga Amurka ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin kasuwa ba. Wannan yana so ya ji ko da gaske benaye suna taɓo gajimare, wancan yana tambayar ƙanƙara, shi kuwa Alhaji Bala mai takalma abin da ya dame shi kawai shi ne ko Turawa suna taya kaya. Nakan ba su amsa guntu-guntu in ja bakina, har suka fara cewa girman kai na je na koyo. Ba girman kai ba ne. Tafiyar ce ba ta yi mini daɗi ba, kuma dalilin ba ya faɗuwa a kan benci ana shewa. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule, jakunkuna da takalman fata nake sayarwa a Kano. Ƙanena Mudi ne ya gayyace ni. Ya daɗe a New York, ya samu takardun zama, yana aikin gadi a wani dogon benen ofisoshi. Shekarar da aka yi sabon shugaba a can ce, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na korar baƙi, don haka ni kaina na yi mamaki da aka ba ni biza.

Ana gobe zan tashi Gwaggo Tasalla ta aiko a kira ni. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma a hannunta muka ci rabin tuwon yarintarmu. Ɗanta na fari, Habu, sa'ana ne, tare muka yi firamare. Ya tafi Amurka da bizar ziyara, ta ƙare, ya zauna. Da farko yana bugo waya, yana aike. Daga baya wayar ta yi nisa, sannan ta ɗauke gaba ɗaya, sai dai jefi-jefi wani ya ce wani ya ce yana nan lafiya. Na same ta a kan tabarma, idon ya yi rauni har sai da na yi magana ta gane ni. Ta turo mini ƙunshin kilishi, da hula zanna sabuwa, da hotonsa na ranar da zai tafi. Ba ta kama sunansa ba, don ba ta taɓa kamawa ba.

"Ban ce ka taho mini da shi ba, Sule," in ji ta. "Ban kuma ce ya aiko da komai ba. Ka ga yaron nan da idonka, ka dawo ka faɗa mini yadda ya koma."

Na ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne. Har dariya na yi.

Mota na bi zuwa Abuja, daga can jirgi ya ɗauke mu, muka sauka a wata ƙasa muka canza wani. Ban san zama yana gajiyar da mutum fiye da dako ba sai ranar. An matse ni tsakanin taga da wani Bature mai ƙiba wanda bai ce mini uffan ba tun tashi har sauka, duk da na gaishe shi da Turancina mai kyau. Ban-ɗakin jirgi kuwa ba buta, sai da na roƙi kofin roba wajen ma'aikaciya, ta bi ni da kallo har na rufe ƙofa.

A filin jirgin New York layi muka yi kamar na mai. Jami'in da ya karɓi fasfona ya tambaye ni wajen wa na zo, yaushe zan koma, me nake sayarwa a gida, ya buga hatimi ba tare da ya ɗago kai ba. Na ce an gama. Ina jan akwatina sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabansa. Suka buɗe, wata mata ta sa safar hannu ta zaro kilishin Gwaggo, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi mata bayani cewa busasshe ne, tsohuwa ce ta aiko wa ɗanta. Ta ce ta yi mini baƙin ciki, ta jefa shi a kwandon shara a gaban idona. Hular da hoton dai suka tsira. Na fito raina a ɓace, sanyin kaka ya mare ni a bakin ƙofa, Mudi ya rungume ni yana ta dariyar babbar rigata.

Unguwarsu sunanta Morrisania, a yankin Bronx. Gidan bene ne na jan bulo, ɗakinsu a can sama, ƙofar da makullai har uku. Akwai wani ƙarfen ɗumama ɗaki a jikin bango wanda yake ƙwanƙwasa kansa kamar maƙeri. Maƙwabcin da ƙofarsa take kallon tasu, Mudi bai san sunansa ba. 'Ya'yansa suna jin Hausa sarai, amma in na ce ina kwana sai su amsa da Turanci. Matarsa Rabi tana aikin kula da tsofaffi, takan tuƙa tuwon mako guda ta jera a firji, kowa ya ɗumama nasa ya ci a tsaye. Ban ga laifinta ba, na ga yadda take dawowa ƙafa a kumbure. Amma cin abinci ni kaɗai a gaban talabijin ya fi sanyin garin damuna.

Kashegari kafin ya fita aiki Mudi ya zaunar da ni ya karanta mini dokokin tafiya a gari, kamar shi ne yayan. Ya ce kada in tsaya tsakiyar hanya ina kallon sama, nan take za a gane baƙo ne. Kada in kalli mutum cikin ido a jirgin ƙasa. In wani ya miƙo mini abu kada in karɓa, in an tsayar da ni da labarin tausayi in wuce. Waya a aljihun gaba, fasfo a gida, kwafinsa a jikina. In na ɓata, in shiga kanti in tambaya, kada in tare mai wucewa. Sannan ya dubi kayana ya girgiza kai.

"Yaya, wannan babbar rigar da hular su ne za su sayar da kai. A street ɗin nan so ake ka yi kama da kowa. Ka yi tafiya kamar ka san inda za ka, ko da ba ka sani ba."

Ya ɗauko mini tsohuwar jakat ɗinsa ta aiki, baƙa mai kauri, da wata alama a kafaɗa, ya haɗa mini da baƙar hular sanyi da takalmi sau-ciki. Na duba madubi ban gane kaina ba. Yara suka ce na yi kama da na cikin fim.

Dokokin sun yi aiki, ba zan ci amanarsu ba. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai, na ɓata, na dawo hanya, ba wanda ya taɓa ni. Abin da ya yi mini wuya shi ne riƙe gaisuwa a baki. Mutum ya shekara hamsin da ɗoriya yana gaida duk wanda ya gifta, a ce rana ɗaya ya koyi kallon ƙasa. Wata safiya na manta na ce wa wata tsohuwa sannu a bakin lif, sai ta matse jakarta ta koma gefe. Ranar na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Inda nake samun sauƙi shi ne shagon abincin Hajiya Mariya, 'yar zangon Kumasi, a bayan layinsu Mudi. Tana dafa shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji mai kifi, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji, sai ta nuna 'yarta ta ce shi ne zai kawo mini ruwa. A wajenta na fara cigiyar Habu. Ta ce Abubakar a garin nan sun fi a ƙirga, in je Harlem wajen 'yan Nijar, su suka san masu talla a titi. A Harlem na samu wani dattijo mai shagon turare da carbi, Isufu, mutumin Maraɗi. Ranar Juma'a ce, ina cikin babbar rigata, ya karɓe ni da shayi. Da na ambaci Habu ɗan Kano sai ya ce shina jin akwai wani Bakano da ke saida tabarau da jakunkuna a bakin ruwa, wajen da manyan jiragen yawon buɗe ido ke sauke mutane, amma ya kwan biyu bai gan shi ba. Daga nan ya sauya zance.

Na dawo gida da murnata. Mudi bai yi murna ba. Ya ce shi ma da suna gaisawa da Habu, daga baya Habu ya riƙa kauce masa, ya canza lamba, ƙila kunyar halin da yake ciki ce. Ya ce in dakata zuwa ranar hutunsa, zai bi ta masallaci ya tambaya a hankali. Na ce to. Amma kwanakina suna ƙarewa, kuma a raina na ce wane irin a hankali ake yi wa cigiya? A Kano in kana neman mutum, sunansa za ka faɗa da na ubansa da unguwarsu, da ƙarfi, kafin ka gama an samu yaron da zai kai ka har ƙofar gida. Neman mutum ai girmama shi ne. Ban gaya wa Mudi zancen hoton ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Washegari da hantsi na saka baƙar jakat da baƙar hula, na sa hoton a aljihu, na tafi bakin ruwa. Jirgin da na tarar a tashar ya fi unguwarmu girma, fari fat, tagogi a jere hawa kan hawa. Tsofaffin Turawa suna ta fitowa da kyamarori a wuya. A gefen titi ga masu talla, baƙaƙe irina, wasu da tebur, wasu sun shimfiɗa zani a ƙasa sun baza kaya. Na tuna dokar Mudi, kada in nuna ni baƙo ne. Na miƙe ƙafa, na haɗe fuska, na nufi na farko kai tsaye. Da na ji yarensa ba Hausa ba ne sai na yi masa Turanci, na zaro hoton, na faɗi cikakken sunan Habu yadda yake a fasfo, na tambaya ko ya san inda yake tsayawa. Ya dubi hoton, ya dubi kafaɗata, ya ce bai taɓa ganinsa ba. Na biyu ma haka. Na uku bai bari na ƙarasa ba ya fara naɗe zaninsa. Na ce a raina mutanen nan ba su da kirki. Da na waiga na ga na farkon yana magana a waya yana kallona, ban kawo komai ba.

Wani mai sayar da ruwan roba ne, wanda ba ɗan Afirka ba, ya ce in gangara kudu, can ƙarshen gari inda ake layin zuwa ganin gunkin matar nan mai ɗaga fitila da ke tsakiyar ruwa, masu tabarau sun fi yawa a can. Na bi gefen kogi da ƙafa. Tafiya ce mai nisa, iska tana yanka kunne, masu gudun motsa jiki suna wuce ni ba mai kallon wani. Duk mai tallan da na gani sai na tsaya na nuna hoto. Wajen wasu ma da na ji Hausa a bakinsu na juya harshe na yi sallama. Suka amsa a daƙile, ɗaya ya ce, "Ba mu san shi ba, officer," alhali da Hausa na yi masa magana.

Ƙarshen garin shi ne tsohon gari. Tituna sun ƙanƙance, wasu da daɓen duwatsu, ga wata tsohuwar coci da kaburbura a tsakiyar benaye, ga wata ganuwar dutse zagayayya a bakin teku. Mutane sun yi dafifi. Na hango jerin masu talla a bakin wani lambu, na nufe su da hoton a hannu. Ban kai ba na ji an yi fito. Wani mutum a ƙarshen layin, mai jakat ruwan toka, ya sunkuya ya haɗa kusurwoyin zaninsa, ya saɓa a kafaɗa, tabarau suna zubewa, ya kutsa cikin taro. Tafiyar na gane. Habu tun muna yara yake jefa ƙafar hagu waje in yana sauri.

"Habu! Habu, ni ne Sule! Sule na gidan Malam Audu!"

Na bi shi ina ture mutane, na karya duk dokokin Mudi a lokaci ɗaya. Hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya tsallaka titi ana ja wa motoci birki, ya gangara matakalar jirgin ƙasa, ni kuma jar fitilar titi ta tsayar da ni. Ko ya ji muryata, ko bai ji ba, ko ya ji ya ɗauka dabara ce, har yau ban sani ba. Da na dawo wajen da yake, masu yawon buɗe ido sun tattake tabaran, sauran masu tallan duk sun watse.

Da yamma na ba Mudi labari. Ya dafe kai, sannan ya tambaye ni a hankali ko da wannan jakat ɗin na je, da hoto, da cikakken suna. Na ce e. Ya ce mutumin da ba shi da takarda a garin nan, ba abin da yake tsoro kamar baƙon fuska cikin baƙaƙen kaya yana yawo da hotonsa. Ya ce Hausar da na yi ma ba ta wanke ni ba, don ana raɗe-raɗin akwai namu da ake biya su nuna mutane. Da na je da babbar rigata da hulata, na yi sallama, na zauna na sha ruwa, na ce daga gida nake da saƙon tsohuwa, da kafin la'asar an kai ni gabansa. Ya ce laifinsa ne da ya tuɓe ni. Na ce a'a. Ƙarfen bango yana ta ƙwanƙwasa.

Isufu ne ya taimaka, bayan ya gama yi mini faɗa da Hausa da Faransanci. Ya samo mana inda Habu yake kwana, a Tompkinsville, can tsibirin Staten. Ranar hutun Mudi muka hau jirgin ruwan da ke tsallaka mutane kyauta. Kowa ya ruga gefe ɗaya yana ɗaukar hoton gunki, ni ina zaune da babbar rigata da hular Gwaggo a cikin leda. Gidan na katako ne, ɗakin a ƙarƙashin ƙasa. Wani direban tasi ɗan Ghana, Malam Yakubu, ya buɗe mana bayan ya leƙa ta taga ya ƙare mana kallo. Ya nuna mana katifa a jingine da bango. Ya ce Habu ya shigo ranar a guje, ya ce 'yan immigration, jami'an shige da fice, sun zo har wajen sana'arsa da hotonsa, ya kwashi abin da zai iya ɗauka ya fita. Bai faɗi garin da za shi ba, wayarsa a kashe. Ya ce wajen tsayuwar nan Habu ya yi shekaru yana riƙe da shi, a cikinsa yake ci yake biyan haya, kuma yanzu wani ya riga ya shimfiɗa zaninsa a wurin.

"Shi na maganar mamansa kullum," in ji Malam Yakubu. "Kunya ne ya hana shi kira. Ya ce sai ya samu abin da zai nuna."

Na bar masa hular, na bar lambata da ta Mudi, na roƙe shi in Habu ya bugo ya gaya masa Sule ne, ba kowa ba. Ya ce in sha Allahu. A hanyar dawowa ban iya kallon ruwan ba. Na tsallake rabin duniya lafiya, ba a sace mini ko allura ba, amma na raba bawan Allah da wurin cin abincinsa da wurin kwanansa da ƙafata. Sauran kwanakin a ɗaki na yi su, ina jiran wayar da ba ta zo ba. Har yanzu Mudi yana bin masallatai yana tambaya, a hankali.

Na iso Kano da rana, ban shiga wajen Gwaggo Tasalla ba sai washegari, ina ta juya abin da zan ce. Na yi tunanin in shirya mata ƙarya mai daɗi, in ce ya yi ƙiba, ya yi haske, yana gaishe ta. Da na durƙusa a gabanta na kasa. Ta yi mini barka da sauka, ta tambayi Mudi da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya, sai da ta ƙare duk tambayoyin duniya sannan ta juyo wajena tana jira.

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba, carbinta kawai ya tsaya a hannunta.

"Amma ka gan shi?"

"Na gan shi, Gwaggo. Sai dai ban ga fuskarsa ba. Ƙeyarsa na gani, yana gudu."

Ta daɗe tana kallon wajen da take jin muryata. Sannan ta gyara zama, ta matso kusa.

"To, faɗa mini yadda ƙeyar take."

Na ce mata ta yi furfura, fara fat har wuya. Ta kai hannu ta shafa bayan kanta a hankali, ta ce ashe yaron nan ya tsufa.